Mai Gadin da Ya Cinye Inna Habi

Gidan Rumji, farkon Oktoba 2010

Zuwa ga taubashina Labo, a Agiye.

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Kubra da yara. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin ƙarshen damina da ya ɗan taɓa Fadila, amma ta miƙe har ta koma ɓarnarta. An fara yankan hatsi, lakol kuma ta buɗe, ajina cike maƙil.

Na san za ka ce Maijidda ba ta tuna ka sai da buƙata. Gaskiya ne, yau ma ita ce ta kawo ni. Baban Fadila ya aiko mini da kwamfuta ta hannu daga Yamai, sabuwa dal a kwalinta. Da na kunna ta sai na tarar gidan da na ɗauka sabo ne cike yake da baƙin da ban gayyata ba. Ga wasanni iri-iri da ke cewa in biya kafin in ci gaba, ga wani da ke son in saya littattafai, ga mai tambayar sunana kullum. Akwai kuma wani a lungun dama, yana leƙowa da jan rubutu wai kwanakin tsarona suna ƙarewa. Tsaron me? Wa ya ɗauke shi aiki? Kafin ta gama farkawa da safe na dama kunu na sha.

Ga abin da ya sa na damu. Ka san tun yaushe nake roƙon kakata Inna Habi, ƙanwar kakanka, ta bari a ɗauki muryarta, tana cewa ita ba zabiya ba ce. To, cikin hutun nan ta yarda. Na ari 'yar na'urar ɗaukar murya wurin Hadiza mai aiki a rediyon garinmu, na tafi Sae Sabuwa gidan ɗanta Kawu Salisu inda take zaune. Ta faɗi yadda mutanenmu suka taso daga kudu da jakunansu, da wanda ya haƙa rijiyar farko, da wanda ya haifi wa. Har waƙoƙin niƙa ta yi mini. Ina son in kunna wa dangi ranar sallar layya.

Yanzu Hadiza na son na'urarta, aikin ƙuri'ar raba gardama ya taso musu, kuma goge komai za ta yi. Dole in juye Inna cikin kwamfutar nan, amma raina bai kwanta da ita ba. Tunda ka daɗe kana latsa irinta a buro, ofishinku na aikin gona, ka gaya mini abin da zan fidda da abin da zan bari. Rubuto, kada ka kira. In ka faɗa a waya kafin in ajiye ta na manta. Ka ba Baƙo mai motar hatsi, yana zuwa duk ranar kasuwa.

Taubashiyarka,
Maijidda

*

Agiye, Oktoba 2010

Maijidda,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Kubra na gaishe ki, ta ce a shafa mata kan Fadila. Ashe akwai ranar da malamar lakol za ta durƙusa gabana neman ilimi! Na karanta wasiƙar sau da yawa don daɗi kawai.

Baƙin nan ba haɗari ya kawo su ba. Masu su ne ke shirya da masu ƙera na'urar a cusa su ciki, ko Allah zai sa ki saba da su ki saya. Ki shiga wurin da ake cire manhajoji, na zana miki hanyar a bayan takardar nan. Wasannin duka ki kore su. Mai tallar littattafai da mai tambayar suna su bi bayansu. Duk wanda ke liƙa wani dogon layi a saman shafin intanet ma ya tafi. Amma ki kiyaye: abin da sunansa ya haɗa da sauti, ko hoto, ko madannai, ko hanyar kama rezo, wato layin sadarwa, kada ki taɓa shi, ƙashin na'urar ne. Wanda ba ki gane ba ki rubuto mini sunansa.

Na lungun daman nan antibirus ne, mu ce mai gadi. Aikinsa kama birus, wato muguwar manhajar da ke bin kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa, ko katin waya ta shiga na'ura ta yi ɓarna. Sai dai wannan na ɗanɗano ne, in kwanakinsa suka cika zai naɗe hannu yana kallon ɓarawo. Shi ma fidda shi za ki yi, don masu gadi biyu ba su zama na'ura ɗaya, kama juna suke yi ita kuma ta yi nauyi. Ina da wani na kyauta da muke amfani da shi a buro, ba ya yawan surutu kuma ba ya cin ƙarfin na'ura. Zan zuba miki shi a faifan sede in ba Baƙo kasuwa mai zuwa. Kada ki yarda da wanda samarin bakin tasha ke sayarwa, sau da yawa shi kansa da cutar yake zuwa.

Babbar doka ita ce kada ki soka kilen kowa ko katin kowa. Kowa fa na ce. Ki kuma sa kalmar sirri wadda ba sunan Fadila ba, don duk Gidan Rumji za su iya cankar wannan.

Maganar Inna Habi ta taɓa ni. Ni ban ma san sunan uban kakana ba, kin ji abin kunya. Ta ambaci reshenmu na Agiye kuwa, ko ta ce mu ɓatattu ne?

Naki,
Labo

*

Gidan Rumji, tsakiyar Oktoba

Labo,

Gaisuwa da fatan alheri. Kowa lafiya.

Na yi shara! Zanenka kamar kaza ta taka tawada, amma na gane. Wasanni sun tafi, 'yan talla sun tafi, mai jan rubutun ma na sallame shi, ko da yake sai da ya yi ta tambayata ko na tabbata, har ya ba ni tausayi. Yanzu ina latsawa take tashi. Wani abu ya ɗaure mini kai: in na fidda abu, ina yake zuwa? Na ɗaga na'urar ban ji ta rage nauyi ba. Amma na gano wani zane mai kama da mudu, yana nuna inda ya cika da inda ya rage, na ga ya ɗan sauka. Tun daga nan kullum sai na leƙa shi.

Na juye muryar Inna cikin dosiye guda, wato jakar ajiya ta cikin na'urar, na sa masa sunanta, mudun kuwa ya hau sosai. Na saurari farkon, ta fito tas, har kukan zabi ana ji. Sauran na bari sai ranar salla mu ji tare da kowa. Hadiza ta karɓi na'urarta ta goge.

Ta ambace ku mana. Ta ce kakanka ya tafi Agiye sayen raƙumi ya ga mace ya manta da raƙumin. Sunan ubansa kuwa sai ka zo da kanka ka ji.

Baƙo ya zo kasuwa hannu rabbana, ya ce bai gan ka ba. Ina seden?

Maijidda

*

Gidan Rumji, ƙarshen Oktoba

Labo,

Ina gaisuwa, amma ba lafiya sosai ba. Wannan ce wasiƙata ta biyu ba amsa, wayarka kuma ba ta shiga.

Inna Habi ta faɗi. Tana alwala ta zame, da aka ɗaga ta ɓarin dama ya mutu, baki ya karkace. An kai ta likita a Maradi an dawo da ita. Tana gane mutane, tana shan kunu, amma magana babu. Na je na zauna kusa da ita, tana ta kallona tana motsa leɓe, ba abin da ke fita. Na yi kuka a hanya har mai kabu-kabun ya tsaya yana ba ni haƙuri. Abin da ya rage mana na muryarta a duniya shi ne wanda ke cikin kwamfutar nan.

Yanzu ka ji sauran. Labarin kwamfutar ya bazu a unguwa. Maƙwabta sun yi ta zuwa da katunansu a zuba musu waƙa, ina ce musu ba caji. Sai ga Baba da kansa, mahaifin baban Fadila, ya yi sallama har ƙofar ɗakina, abin da bai taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na durƙusa. Ya kwance bakin rawaninsa ya fiddo katin waya guda biyu, ya ce, “Ɗiyata, an ce kina da injin da ka juye karatu. Wanga tafsiri na, can tasha aka zuba min. Ki sa ma Liman shi cikin nashi, shi ma shi samu lada.”

Labo, dokarka tana cikin kaina a lokacin, harafi da harafi. To ka gaya mini, da wane bakin zan ce wa surukina katinsa na da cuta? Mutumin da ko sunansa ban taɓa kamawa ba, ko idonsa ban taɓa kallo ba? Ya ja kujera ya zauna a tsakar gida yana jira. Na karɓa da hannu biyu na soka. Na juye masa, ya sa mini albarka ya tafi yana murna.

Washegari na latsa dosiyen Inna, bai buɗe ba. Yana nan da sunansa da launinsa, amma in na latsa sai na'urar ta yi ɗan tunani ta yi shiru. Ta kuma koma nauyi fiye da da. Ka sa na kori mai gadi ka bar ni ƙofa buɗe. Ina kake?

Maijidda

*

Gazawa, farkon Nuwamba

Malama Maijidda,

Salamu alaikum. Ina fatan ke da Fadila da surukinki Malam Jaye kuna lafiya. Ni na kama sunansa, ki zo ki dake ni.

Ki yi haƙuri da shiruna. Kwatsam aka tura mu ƙauyukan bayan Gazawa duba amfanin gona, daga nan aka riƙe motarmu ta yi jigilar kayan ƙuri'a. Ba rezo ko na rantsuwa. Ban koma Agiye ba tukuna, in kin aiko da wasiƙa tana can hannun Kubra. Na ci karo da Baƙo nan tasha yana lodin wake, seden kuwa tun tuni yana cikin jakata, shi ya sa nake rubuta wannan a kan gwiwa.

Ki sa shi, ki bi abin da ya ce. In ya zauna ki umarce shi ya bincike na'urar gaba ɗaya, duk abin da ya kama ki ce ya goge, kada ki tausaya. In kin shiga Maradi ki leƙa sibar, shagon kwamfutocin nan, ki haɗa shi da intanet ya ɗauko sunayen sababbin ɓarayi, don mai gadin da bai jin labari tsohon ɓarawo kawai ya sani.

Ki gaida Inna Habi, ki ce mata jikan yayanta ne ke gaisuwa, ina nan tafe da salla mu sha hira.

Labo

*

Gidan Rumji, Nuwamba

Labo,

Gaisuwar a taƙaice. Daga wasiƙarka na gane ba ka ji komai ba. Ka karɓi nawa biyu wurin Kubra ka karanta kafin wannan. Ba hirar da za ka sha da Inna.

Na yi yadda ka ce. Na sa mai gadinka, ya yi ta bincike, ya tara abubuwa jingim da ya ce masu cuta ne. Ka ce kada in tausaya, na latsa gogewa. Suna wucewa ɗaya bayan ɗaya sai na ga sunan Inna Habi a cikinsu. Kafin in kai hannu ya wuce. Na koma inda dosiyen yake, wayam. Da ko bai buɗuwa ina ganinsa ina samun sanyi, yanzu ko sunan babu. Mai gadinka ya cinye Inna ina kallo, kuma da yatsana.

Ban yi maka magana a waya ba ko da na ji ta fara shiga, don abin da zan faɗa ba na taubasantaka ba ne. Na ɗauki na'urar na kai sibar a Maradi. Mai wurin ya dudduba ya ce, “Madam, wannan sai dai a formate ta, a wanke ta tas ta koma sabuwa. Abin da ya tafi ya tafi.” Na ce ya bari in yi shawara. Ya ce in kawo ta bayan kasuwar nan, kafin ya rufe don salla. Ina jin haka zan yi, don kallonta ma ɓata mini rai yake.

Tambaya ɗaya ce ta hana ni bar masa ita a ranar, kuma ina yi maka ita ne don ba ni da wanda zan tambaya. Mudun nan da na ce maka ina leƙawa. Ranar da na zuba Inna ya hau. Yanzu an ce ta tafi, amma yana nan inda yake, bai sauka ba. Lokacin da na kori wasanni ai ya sauka. Me ya cika wurin?

Maijidda

*

Agiye, ranar da taki ta iso

Maijidda,

KADA KI BARI A FORMATE TA. Na fara da wannan kafin gaisuwa, ki gafarce ni. Na yi ta kiranki kina kashewa, na aika saƙon waya ban san ko kin buɗe ba. Wannan takardar ban jira Baƙo ba, na ba direban Maradi na roƙe shi ya sa ta a motar Gidan Rumji yau.

Na karanta duka ukun a tsaye. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne. Na yi ta wasa a wasiƙata ban san halin da kuke ciki ba, abin ya dame ni ƙwarai. Batun katin Malam kuwa, da ni ne a gaban baban Kubra da hannu biyu zan karɓa ni ma. Na ba ki dokar buro, na manta a gidan surukai kike.

Tambayarki ita ce amsar. Akwai irin birus ɗin da ba ya goge dosiye, ɓoye shi yake yi, sai ya ƙera na ƙarya mai suna iri ɗaya ya ajiye a wurin, don duk sanda kika latsa ya ƙara yaɗuwa. Ina kyautata zaton na ƙaryar ne mai gadi ya goge, shi ya sa mudun bai motsa ba. Ban rantse ba, don akwai masu lalata abu su bar nauyinsa. Amma in aka formate, ko tana nan ta tafi ke nan.

Ki shiga zaɓuɓɓukan dosiye, na sake yin zanen kazar a baya. Ki sa alama a layin da ya ce a nuna ɓoyayyun abubuwa, ki cire alama a wanda ke ƙasa da shi mai ɓoye kayan cikin na'ura. Zai tsorata ki da tambaya, ki ce kin yarda. In ta fito za ki ga dosiyen ya yi fari-fari kamar tsohon zane. Kada ki tsaya murna, ki zuba shi a sede nan take, ki yi fiye da ɗaya.

Ko ta fito ko ba ta fito ba, ki sanar da ni. An hana mu hutun salla saboda rahoton kaka, ba zan samu zuwa ba.

Labo

*

Sae Sabuwa, kashegarin sallar layya

Taubashina Labo,

Assalamu alaikum, barka da salla. Ina fatan kun yi lafiya, Kubra ba ta bar ka ka cinye hantar kai kaɗai ba. Na aika maka kalma ɗaya a waya, na san ba ta ishe ka ba, ga sauran.

Takardarka ta same ni na riga na sa kwamfutar a jaka, ina bakin hanya ina jiran motar Maradi. Yaron motar da ta zo daga can ne ya sauko yana tambayar malamar lakol. A nan gindin bedi na buɗe na'urar a kan cinyata na bi zanenka. Sai ga ta, fari-fari yadda ka ce. Na latsa, na ji Inna ta yi gyaran murya ta ce, “To, bisimilla.” Matan da ke jiran mota suka zagaye ni suna tambaya ko rasuwa aka yi. Maradin dai na je, amma sede na sa aka zuba, guda na nan na ajiye maka. Mai gadinka kuma na nemi gafararsa, ya sha labari a sibar ya ƙoshi. Yanzu duk katin da aka kawo shi nake fara miƙa wa.

Jiya bayan la'asar, an gama rabon nama, aka fito da Inna tsakar gida aka jingina ta da matasai. Dangi sun cika gidan, har na Tibiri sun zo. Na ɗora kwamfutar a kan turmi na kunna. Sai ga muryar ta fito. Inna ta zuba wa na'urar ido, ta dube ni, ta sake duban ta. Da aka zo kan sunaye tana ɗaga yatsan hagu ga kowane ɗaya, kamar tana duba ko mai maganar za ta yi kuskure. Waƙar niƙa kuwa tsofaffin mata suka karɓa mata amshi, wasu na share ido da bakin mayafi.

Aka kai wani wuri da ni kaina na manta da shi. Ashe ranar da muke ɗauka, tana tsakiyar labarin rijiya ta hango awaki sun nufi shanyarta. Sai kawai muryar ta bar labari ta ɗaga da ƙarfi daga kan turmi: “Salisu! Kai Salisu! Mi kake yi awaki na cin wakena?”

Kawu Salisu yana zaune a kan tabarma da furfurarsa, jikokinsa kewaye da shi. Wallahi kafin kowa ya ankara ya zabura ya miƙe, takalmi ɗaya a ƙafa, ya ce, “Na'am Inna, ga ni nan tahe!” Har ya yi taku biyu wajen shanyar da babu ita, sannan ya tsaya.

Ba wanda ya yi motsi. Sai muka ji wani sauti daga kan matasai. Inna ce take dariya, da rabin bakin da ya rage mata, kafaɗarta na girgiza, hawaye na bin kuncinta. Tun da ta faɗi ba a ji sautin komai daga gare ta ba sai jiya.

Kawu bai koma tabarmarsa ba. Ya zo ya durƙusa gaban turmin, ya ce mini a hankali, “Ɗiyata, maido shi baya. Ta sake kirana.”

Taubashiyarka,
Maijidda